Jan Fure Na Masu Rai Ne

Na ga saƙonninku, ku da kuke bin labarin nan nawa. Wata ta rubuto wai in share hawaye in miƙa yatsa a saka min zobe, don miji irin Trey ba a tsintarsa a bakin titi. 'Yar'uwa, na ji ki, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma gyara zama ki ji abin da ya same ni daga Juma'a zuwa Lahadin nan, in ya so sai ki sake ba ni shawara.

Don waɗanda yau suka iske mu, sunana Renita Gaskins, shekaruna ashirin da bakwai, ina aiki a sashen yara na wani laburare a nan Baltimore. Ni da Mama muke zaune a gidanmu na jan bulo mai matakalar farin dutse uku a ƙofa. Tun ina 'yar sha biyar nake rubuta waƙa, kuma a gidan jana'iza na koya. Kun san ba a binne namu sai an buga 'yar takarda mai hotonsa da tarihinsa da waƙa a shafin baya. To ni ce mai waƙar shafin baya a gidan jana'izar su Hargrave, rabin mamatan unguwarmu da baitina aka raka su. A can Thaddeus Hargrave na uku, wanda kowa ke kira Trey, ya fara ganina. Ina zaune a ofishin babansa ina tauna bayan biro, ina neman abin kirkin da zan faɗa a kan wata tsohuwa da ko 'ya'yanta sun rasa na faɗa.

Amma ni burina littafin yara ne. Shekara shida ina aika rubutu New York ana dawo min da shi da godiya. Rannan wata edita ta kira ni da kanta ta ce, "Renita, baitinki sumul yake, sai dai kowa a ciki ya mutu. Ba ki da wani mai numfashi?"

Ina da shi. Yau zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa a garin nan ba: mahaifina bai mutu ba.

Ina shekara bakwai, a wani ƙaramin gari na Carolina ta Arewa, faɗa ya haɗa shi da wani mutum a gidan mai. Mutumin ya faɗi bai tashi ba, aka ɗaure Baba shekara ashirin. Mama ta tattara ni muka hau mota zuwa Baltimore, inda ba wanda ya san mu. A cocinmu kuwa duk ranar tunawa da iyaye maza ana tsayawa a ƙofa da kwandon fure. Mai uba a raye a maƙala masa ja a ƙirji, wanda nasa ya rasu a maƙala masa fari. Shekara ashirin ke nan ana maƙala min fari, kuma tun da Mama ta zama shugabar mata masu tarbar jama'a a ƙofa, da hannunta take maƙala min.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne abin da ake yi da ni a hutun bazara. Kamar kowane yaro a layinmu, da an rufe makaranta ake tura ni kudu wajen kaka. Kaka Odell, uwar Baba, Allah ya ji ƙanta, duk Asabar sai ta yi min kitso biyu, ta naɗe soyayyar kaza a takarda, mu hau motar da ke kai iyalai ziyara gidan yari. A hanyar dawowa takan ce, "Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, kin ji ko?" Na ji, na kuma riƙe har ta rasu. Labarin wannan motar na rubuta wa editar. Sunan littafin Motar Asabar, waƙoƙi sha shida, don yaran da suke zuwa min laburare suna ce min babansu ya tafi karatu nesa, alhali ni da su duk mun san makarantar.

Ran Juma'a da yamma na dawo daga aiki na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa. Kwafin farko na littafin ne, saura wata biyu ya shiga kasuwa. Na haura ɗakina da gudu ko takalmi ban cire ba, na zauna a ƙasa na jingina da gado. Ga sunana a bango da manyan baƙaƙe. Ga yarinya mai kitso biyu ta manna goshi da gilashin mota, kusa da ita tsohuwa mai jaka a cinya. Mai zanen ba ta taɓa ganina ba, haka tsarin yake, marubuci da mai zane ba sa haɗuwa. Amma har yadda Kaka take matse baki in ta shiga tunani sai da ta zana. Na shinshina takardar, na yi dariya, na yi kuka, duk ni kaɗai.

Sai waya ta yi ƙara. Baba ne. A wayata sunansa Laburare Na Biyu, don kada Mama ta gane. Tun da ya fito a watan Disamba yake aiki a shagon gyaran taya, kuma har yau saƙo yake rubutawa kamar wasiƙa.

"Zuwa ga 'yata Renita. Da fatan kina lafiya. Shin littafin ya iso? Ina tambaya ne kawai. Mahaifinki, Luther Gaskins."

Ban gama share ido ba na Trey ya faɗo a kansa.

"Sarauniyar baiti, na kasa riƙe sirrin. Kafin maganarmu ta yi nisa ina so in je Carolina in gaida Baba. Kin ce kabarinsa ba alama. Na zaɓi dutse, baƙi mai sheƙi, mafi kyau da muke da shi. Turo min shekarar haihuwa da ta rasuwa."

Ga hoton dutsen har kala uku.

Ku faɗa min, wane namiji ne ke neman aure da dutsen kabari in ba ɗan gidan jana'iza ba? Kuma ku faɗa min ta ina za a ƙi son mutumin da ya yi wannan tunanin? Ni na ce masa kabarin ba alama, wata rana da ya matsa min da tambaya, don in kashe maganar. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma har na kai ƙarshensa ban sani ba.

Wani saƙon ya biyo baya, wannan a kan mahaifiyarsa: "Af, Mami ta saka ki a tsarin Lahadi, ranar iyaye maza. Ke za ki buɗe taro, ki karanta wa yara daga littafin. Na ce mata a kan Baba ne, har ta yi hawaye. Bayan coci kuma abinci a gidanmu, ke da Mama. Ki saka shuɗiyar rigar nan. Kada ki tambaye ni dalili."

Ba sai na tambaya ba. Kowa a coci ya san zoben kakarsa ya je wajen maƙeri an rage shi.

Asabar da safe ranar wanke matakala ce a layinmu, kuma Mama ba ta taɓa bari wata ta riga ta fitowa ba. Na sauko da bokiti na tarar ba ta ƙofa. Tana kicin, zaune a teburi da rigar barci da ɗankwalin siliki, kofi ya huce a gabanta. Ganyen girkin gobe na jiƙe a kwano ba a taɓa shi ba. Littafina na buɗe a gabanta. Ta shiga ɗakina ɗebo kayan wanki ta gan shi a ƙarƙashin matashi.

"Zauna," ta ce.

Na zauna.

Ta gyara tabarau ta karanta da irin muryar da take karanta sanarwa a coci:

"Sun maƙala min fari a ƙirji,
Sun ce Baba ya tafi sama.
Ni na san inda Baba yake,
Furen ya yi shiru, ni ma na yi shiru."

Ta cire tabarau ɗin ta ninke shi a hankali.

"Su wa ke nan, sun? Ni ce sun?"

"Mama, waƙa ce ta yara..."

"Kada ki mayar da ni yarinya. Ashe Odell kai ki take yi. Ina nan ina goge ofisoshin mutane in haɗa miki kaya, in saka ki a mota da sabon takalmi, ita kuma ta ɗauke ki ta kai ki inda ake laluben yara a ƙofa. Shekara nawa?"

"Har ta rasu."

"Kika dube ni shekara ashirin ba ki ce komai ba."

"Ke ma ba ki ce komai ba, Mama."

Na so in haɗiye maganar amma ta riga ta fita. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Mama ba ta duka, ba ta ɗaga murya. Ta tashi ta zubar da kofin, ta tsaya ta ba ni baya tana kallon igiyar shanya ta taga.

"Kin san yadda aka yi?" ta ce. "Ban shirya ba. Lahadinmu ta uku ke nan a garin nan, ba mu da kowa, rigarki ma ta aro ce. Muka zo ƙofar coci wata baiwar Allah ta miƙo kwando ta ce, 'Yar'uwa, ja ko fari za a saka wa yarinya? Mutane na bayana suna jira. A can gida ko shago na shiga sai a yi tsit. Uwar mamacin nan ta tofa min yawu a gaban gidan waya kina riƙe da hannuna. Sai na ji bakina ya ce fari. Kalma ɗaya, Renita. Matar ta rungume ni. Ranar aka kawo mana abinci har ƙofa, aka samo min aiki, aka saka ki a ƙungiyar waƙa. Da me kike tsammani na raine ki? Da wannan kalmar."

Ban taɓa jin wannan ba. Tausayinta ya kama ni, ga kuma haushi a ƙasansa bai tafi ko'ina ba.

"Ya fito, Mama. Yana raye, yana tambayarki."

"Wanda na binne na binne." Ta juyo. "Ki saurare ni. Gobe ki hau ki karanta ɗaya daga cikin waƙoƙinki na jana'iza, kina da su fiye da ɗari, ba mai ganewa. Ki karɓi zobenki. Ran Litinin ki kira matar New York ki ce a cire sunan Gaskins, a saka wani suna, ko Jackson ko me."

"An riga an buga."

"To a sake bugawa. Kin san su waye su Hargrave? Su suke wanke gawar waɗanda irin ubanki suka kashe. Su suke riƙe uwayen in sun faɗi a bakin kabari. Kina ganin uwar Trey, Eudora Hargrave, za ta zauna a layi na biyu da hularta mai gashin tsuntsu ta ji cewa jikokinta jinin ɗan fursuna ne? Ni fa? A ce 'Yar'uwa Gaskins, mai farar safar hannu, ta ci abincin ta'aziyya na ƙarya?"

"Yaran nan fa da suke hawa motar?"

"Suna da uwayensu. Ni ke kaɗai gare ni."

Muka fita muka wanke matakala kamar kullum, ita ta sama ni ta ƙasa, muna gaisawa da maƙwabta da fara'a. Duk wanda ya wuce sai ya ce ba matakalar da ta kai ta su Gaskins haske.

Da la'asar Trey ya biyo a baƙar motar aiki, daga wata jana'iza yake. Dogo ne, ga sanyin murya, irin wanda ya saba magana da masu kuka. Ya sassauta ɗamarar wuyansa ya zauna a matakala ya miƙo min ledar ƙaguwa mai yaji.

"Ba ki turo min shekarun ba, malamar baiti."

"Trey, akwai maganar da..."

"Na sani, da ciwo. Ko ni da nake cikin abin kullum, in aka zo kan naka daban ne. Ba gaggawa, sunan Gaskins kawai na ba mai sassaƙa ya fara." Ya kama hannuna. "Zan tsaya a gabansa in ce, Malam Gaskins, ga ni, ni ne mai son ɗauke maka 'ya. In ya ƙi, sai ya tashi ya faɗa min."

Ya yi dariya. Ni kuwa ƙaguwar ta tsaya min a wuya. Na ɗaga kai na ga labulen falo ya ɗan motsa, na san Mama na bayansa. Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito shi ne wai yajin ya yi yawa. Ku zage ni, na cancanta.

Lahadi Mama ta riga ni fita, masu tsaron ƙofa da wuri suke zuwa. Ta goge min shuɗiyar rigar ta rataye a ƙofar ɗakina, mai ƙaramar ɗamara da maɓallai farare har wuya. A kan gado ta ajiye min tsohuwar takardar jana'izar wani dattijo, ta ja layi a ƙarƙashin waƙar da take so in karanta. Na saka rigar, na ɗaure gashina sama, na saka 'yan kunnen Kaka Odell. Na ɗauki takardar na saka a jaka. Na kai ƙofa na dawo na ɗauki littafin ma. Har na fita ban san wanne zan ciro ba, Allah shi ne shaida.

A tashar mota waya ta yi ƙara.

"Zuwa ga 'yata Renita. Yau ranar iyaye maza ce, na san ban cancanci gaisuwa ba, ba ita nake nema ba. Ina so dai ki sani duk Asabar ɗin nan da kika zo, su suka riƙe ni. Mahaifinki, Luther Gaskins."

Na bar mota biyu suka wuce ina zaune.

Ko da na isa kusan kowa ya shiga, an fara kaɗa molo a ciki. Mama ce kaɗai a ƙofa da mataimakiyarta, 'Yar'uwa Pearline. Farar riga, farin takalmi, farar safar hannu, ta tsaya ƙyam, kwando a hannun hagu. Ta riga ta ware min farin, mafi girma, da allura a jikinsa.

"Kin makara," ta ce a hankali. "Matso."

Na matsa. Ta ɗaga farin furen zuwa ƙirjina. Na saka hannu cikin kwandon na ciro ja.

'Yar'uwa Pearline ta yi 'yar dariya. "Renita, zumuɗin zobe ya ruɗa ki? Ajiye wannan, 'yata."

Ban ajiye ba. Ina kallon Mama, Mama na kallona.

"Mama, ki yafe min. Ba zan iya sake binne shi ba."

Na ɗauka za ta fizge. Ta daɗe tana duban furen, sannan ta mayar da farin cikin kwando, ta karɓi jan daga hannuna. Ta maƙala min shi daidai, ta gyara ganyen, ta daidaita min wuyan riga kamar yadda take yi tun ina ƙarama.

"In za ki karanta, ki ɗaga murya," ta ce. "Ban haifi mai ƙunƙuni ba. Amma ba zan tsaya in ji ba."

Ta miƙa wa 'Yar'uwa Pearline kwandon. Ta zare safar hannunta yatsa bayan yatsa, ta ɗora a kai. Matar da ko zazzaɓi bai taɓa raba ta da ƙofar nan ba ta sauka matakala ta kama hanya, jakarta a hannu, ba ta waiwayo ba.

"Mama," na ce. Ban san ko ta ji ba.

"Ga ki nan, Mami na ta nemanki, yara sun zauna." Trey ne ya fito daga ciki cikin kwat mai ruwan toka, jan fure a ƙirjinsa, hannunsa na dama cikin aljihu yana riƙe da abin da duk muka sani. Ya dube ni ya yi murmushi, sai idonsa ya sauka ƙirjina. Ya matso ya rage murya, don kada ya kunyata ni.

"Renita, an yi miki kuskure. Ja na masu rai ne."

"Na sani."

"To ai..."

"Sunansa Luther. Yana gyaran taya a Carolina. Shekara ashirin ya yi a gidan yari, kuma ɗazun nan ya turo min saƙo."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskarsa. Ya dubi titi inda farar rigar Mama ke shan kwana, ya dubi littafin da na ciro daga jaka.

"Jiya fa na zauna a ƙofarku," ya ce. "Na ce miki an fara sassaƙa sunansa."

Daga ciki muryar Mama Hargrave ta fito ta lasifika, tana cewa yau 'yarmu marainiya, marubuciyarmu, za ta karanta wa yara abin da ta rubuta don tunawa da mahaifinta, a tarbe ta da tafi.

Aka fara tafi. Trey ya zaro hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya matsa gefe ya riƙe min ƙofa, kamar yadda yake riƙe wa masu makoki.

Na buɗe shafin farko na shiga.